Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Ya Ke Yoyo

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Likitoci ma sun yarda da wannan magana, shi ya sa kafin su ɗauko abin awo su kan fara tambayar maras lafiya inda ke yi masa ciwo. Amma akwai cuta guda wadda aka daɗe ana cewa ban da ita, watau taɓin hankali mai tsanani, irin wanda kan sa mutum ya riƙa jin muryoyin da na kusa da shi ba su ji, ko ya sakankance cewa ana bin sawunsa za a hallaka shi, ko zancensa ya warwatse har a kasa kama bakin zarensa. A nan, bisa ga ganin masana na dā, mai ɗakin ba ya gida, saboda haka babu wanda za a tambaya. Shari'a ta ɗauke masa alhakin abin da ya aikata, wannan kuwa jinƙai ne, amma tare da alhakin sai jama'a suka ɗauke masa har da bakin magana. Malaman fiƙihu tun da daɗewa sun bambanta haukan da ba ya sakin mai shi da wanda kan zo ya tafi, suka ce a lokacin da mutum ya farfaɗo cinikinsa da maganarsa sun inganta. Ilmin likita na zamani ya daɗe ƙwarai kafin ya yi aiki da wannan bambanci a fagen bincike.

Al'amarin ba na mutane kaɗan ba ne. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu fama da sikizofireniya kaɗai, wadda ita ce mafi shahara cikin irin waɗannan cututtuka, sun kai miliyan 24, watau mutum ɗaya cikin kowane 300. An cika ɗakunan karatu da littattafai a kansu. Yadda aka yi suka tashi daga matsayin abin da a ke dubawa har suka zauna a teburin masu dubawa, tafiya ce ta fiye da shekara 150, kuma a kowane zango da aka ba su dama suka yi tambaya, amsar da aka samu ta sha bamban da wadda aka saba.

A watan Mayu na 1812 wani mutum ya harbe Firayim Ministan Ingila, Spencer Perceval, a harabar Majalisar Dokoki. Cikin 'ya'ya goma sha biyu da ya bari akwai John, mai shekara tara. Yaron ya girma ya zama hafsan soja, daga baya ya ajiye kaki ya duƙufa ga sha'anin addini, sai a ƙarshen 1830, yana birnin Dublin, hankalinsa ya gushe. Danginsa suka kai shi wani gidan mahaukata na masu hali a Brislington kusa da Bristol, daga nan aka mai da shi wani a Ticehurst, bai fito ba sai 1834. Da ya sami kansa sai ya zauna ya rubuta labarin abin da ya same shi, ya buga kashi na farko a 1838 ba tare da sunansa ba, na biyu kuwa a 1840 da sunansa ɓaro-ɓaro, abin da ba ƙaramar jarunta ba ce ga ɗan babban gida a wancan zamani.

An ɗaure shi a gado, an tsoma shi cikin ruwan sanyi, ma'aikata sun buge shi. Duk da haka abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ba wanda ya taɓa gaya masa dalilin abin da a ke yi masa, ko ya tambaye shi ra'ayinsa. A gabansa a ke zancensa, kamar wani kayan ɗaki. Amma littafin ya wuce kuka. Perceval ya bi diddigin muryoyin da ya ke ji kamar yadda maharbi kan bi sawu: lokacin da su ke zuwa, irin umurnin da su ke ba shi, da yadda ya riƙa yi musu biyayya har ya raunata kansa. Ya lura sauƙi ya fara samuwa sa'ad da ya ga alkawuransu ba su cika, ya soma shakkarsu. Ya kuma kai ga cewa da yawa daga abin da su ke faɗa habaici ne da zaurance, kuskuren maras lafiya shi ne ɗaukarsu a kan zahiri. Wannan nazari ne na gaske, wanda babu likitan da zai iya yinsa daga waje.

A 1845 shi da waɗansu da suka taɓa zama irin waɗannan gidaje, da 'yan'uwan waɗansu, suka kafa ƙungiyar taimakon mutanen da a ke zargi da hauka. Sun bi kadin waɗanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba, sun dami Majalisa da takardun koke, har Perceval ya ba da shaida gaban wani kwamitinta a 1859. Bayan 'yan shekaru ƙungiyar ta mutu, littafin kuma ya kwanta cikin ƙura, sai a 1961 masanin halayyar al'umma Gregory Bateson ya tono shi ya sake bugawa.

A tsakanin nan ilmin ya kama wata hanya dabam. A Jamus Emil Kraepelin ya riƙa cika katuna da bayanin marasa lafiyarsa, yana bin yadda ciwon kowane ya fara da inda ya ƙare, har a 1899 ya raba manyan cututtukan hankali gida biyu. A 1908 Eugen Bleuler na Suwizalan ya raɗa wa ɗaya daga cikinsu suna sikizofireniya, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin rabewar hankali. A 1913 Karl Jaspers ya koyar cewa wajen gane cuta siffar abin da mutum ke ji ita ce abin lura, fiye da abin da ke cikinsa. Ba daidai ba ne a raina aikin waɗannan mutane, gama su suka fitar da tsari daga cikin ruɗani. Sai dai almajiransu sun taƙaita darasin. Aka wayi gari likita ya kan tambayi mutum ko yana jin muryoyi, in ya ce i sai a sa alama a takarda a wuce. Abin da muryoyin ke cewa, da muryar wa su ke kama, da ranar da suka fara, duk an ɗauka shirme ne, har ana gargaɗin ma'aikata kada su biye wa maras lafiya a kai don kada su ƙara masa.

A 1952 likitoci biyu a Paris, Jean Delay da Pierre Deniker, suka nuna amfanin maganin nan da aka fi sani da Largactil. Ya kwantar da mutane da yawa waɗanda dā sai ɗauri, ya kuma buɗe wa dubbai ƙofar komawa gida. Amma ma'aunin nasararsa a hannun likita ya ke. Idan mai shan maganin ya yi kukan sandarewar jiki, ko rawar hannu, ko rashin iya zama wuri ɗaya, ko nauyin kai da ke hana shi aiki, sau da yawa a kan rubuta kukan cikin alamun ciwon, ko a ce bai san ba shi da lafiya ba. Wanda aka riga aka yanke cewa maganarsa alamar cuta ce, da wane baki zai yi gardama?

A Afirka ta Yamma kuwa Turawan mulki ba su ko kai ga wannan ba. An buɗe gidan mahaukata na Yaba a Ikko a 1907, aka kafa dokar mahaukata a 1916, amma aikin tsarewa ne kawai, kuma a wurare da yawa, har da Jihar Arewa, gidan yari shi ne masaukin wanda ya gagari danginsa. Mazauna Yaba sun rubuta wasiƙu suna neman a sake su, waɗansu suna zancen mulki da zalunci. Aka adana wasiƙun cikin fayil a matsayin shaidar ciwo. Sai a 1999 masanin tarihi Jonathan Sadowsky ya fito da littafi inda ya karanta irin waɗannan takardu a matsayin maganar mutanen da suka san zamaninsu.

Canji na farko mai girma daga Abekuta ya fito. Thomas Adeoye Lambo, haifaffen garin a 1923, ya yi karatun likita a Birmingham, ya ƙware kan taɓin hankali a asibitin Maudsley na London, ya komo gida a 1954 aka ba shi asibitin Aro, wanda a lokacin ba a ko gama gininsa ba. Maimakon ya zauna jiran magina, sai ya nufi dagatai da dattawan ƙauyuka huɗu da ke kewaye, ya roƙe su su karɓi marasa lafiya haya a gidajensu. Sharaɗin shi ne kowane maras lafiya ya zo da ɗan'uwa guda, galibi uwa ko 'yar'uwa ko gwaggo, wadda za ta dafa masa abinci, ta wanke masa tufafi, ta raka shi asibiti da safe a yi masa magani, da yamma su koma ƙauye. Mutanen ƙauyukan da farko sun ji tsoro, kamar yadda kowa zai ji. Abin da ya rinjaye su shi ne kuɗin haya, da ruwan famfo, da gyaran tsabta, da rancen ƙara ɗakuna, da kuma zama da a kan yi a kai a kai tsakanin dattawa da ma'aikatan asibiti don shawarta yadda za a tafiyar da al'amura. A lokaci guda ƙauyukan kan ɗauki marasa lafiya 200 zuwa 300, da yawansu masu sikizofireniya, suna yawo ba sarƙa ba ƙofa a kulle.

Lambo ya ƙara da wani abin da ya ɗaga wa abokan aikinsa Turawa gira, watau ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. Dalilinsa a fili ya ke. Su ne waɗanda jama'a ke fara zuwa wurinsu, su suka san kalmomin da mutane ke bayyana damuwarsu da su, kuma ba da hannu wofi su ke aiki ba: likita Raymond Prince, wanda ya zauna da su a shekarun 1950, ya tarar suna ba da saiwar wani itace dangin na Indiya wanda aka ciro maganin risafin daga cikinsa, ko da ya ke ya ga mari da bulala ma a gidajensu. Da aka zo babban binciken haɗin gwiwa tsakanin Aro da Jami'ar Cornell ta Amurka a 1961, wanda aka buga sakamakonsa a 1963, sai da aka zauna da masu maganin da mutanen gari aka tambaye su yadda Yarabawa ke rarrabe ciwon hankali, da abin da su ke nufi in sun kira mutum "were". Jane Murphy, ɗaya daga cikin masu binciken, ta nuna a 1976 cewa alamun da Yarabawa ke tarawa ƙarƙashin wannan kalma sun yi kusa ƙwarai da abin da likitoci ke kira sikizofireniya. Wannan ya taimaka wajen rushe zancen irin su J. C. Carothers, wanda a 1953 ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya littafi yana riya cewa ƙwaƙwalwar Ba'afirke wata iri ce dabam. Lambo kansa ya zama shugaban Jami'ar Badun, daga baya kuma mataimakin babban darektan ita wannan Hukumar daga 1973 zuwa 1988.

Aro ta shigo da jama'a cikin aikin tun kafin Turai ta san sunan abin. Amma in an duba zaman shawarar nan da kyau, za a ga dagaci, da mai gida, da boka, da likita, ga kuma gwaggo a bakin ƙofa. Shi wanda aka taru dominsa, waɗansu ne ke magana da yawunsa. An yi masa tambayoyi, amma ba shi ya tsara su ba.

Giɓin ya fito sarari a binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a ƙarshen shekarun 1960, inda aka bi marasa lafiya 1,202 a birane tara, ciki har da Badun, da Agra ta Indiya, da London, da Mosko, da Washington. Bayan shekara biyu aka ga na Badun da na Agra sun fi na ƙasashe masu arziki samun sauƙi. Masana suka yi ta ba da dalilai, wannan ya ce zumunci ne, wancan ya ce aikin gona ne da ba ya korar mai rauni. A 2008 waɗansu masana, cikinsu har da Furofesa Oye Gureje na Badun, suka ja hankali cewa an yi gaggawar murna, domin akwai waɗanda suka ɓace daga lissafi, akwai waɗanda suka mutu, akwai kuma waɗanda ba su taɓa isa asibiti ba balle a ƙirga su. Shekara arba'in ana muhawara a kan ko mutanen nan sun warke, alhali ma'anar warkewa wani ne ya yanka musu.

A shekarun 1970 waɗanda suka fito daga manyan asibitocin Turai da Amurka suka fara haɗa kai. An kafa ƙungiyar marasa lafiyar hankali a London a 1973, a Amurka kuma Judi Chamberlin ta buga littafi a 1978 tana kiran a bar su su tafiyar da wuraren taimakon junansu. Wannan gwagwarmayar neman hakki ce. Wadda ta juya ta ta koma tambayar ilmi wata mace ce a ƙasar Holan, Patsy Hage, mai kimanin shekara 30, wadda ke ganin likita Marius Romme na jami'ar Maastricht. Muryoyi ne ke ba ta umurni suna hana ta abubuwa. An kwantar da ita asibiti ba sau ɗaya ba, magani ya dusashe mata tunani bai kore su ba, har ta fara zancen kashe kanta. An ruwaito cewa ta ƙalubalanci likitan da cewa ya yarda da abubuwan imani da bai taɓa gani ko ji ba, amma ya ƙi yarda da muryoyin da ita ta ke ji da kunnenta kowace rana. Romme ya rasa amsa. Ya haɗa ta da wani mai irin halinta, ya zauna gefe yana saurare, ya yi mamakin yadda suka fahimci juna nan take da wani harshe da shi bai iya ba bayan shekaru yana aikin. Amma dukansu biyu ba su san mafita ba. Sai suka yanke shawarar neman wanda ya sani.

Likita da maras lafiyarsa suka fito tare a wani shirin hira na talabijin, suka roƙi duk mai jin muryoyi ya tuntuɓe su. Mutum 700 suka amsa, 450 daga cikinsu masu jin muryoyi ne. Kimanin 300 suka ce abin ya fi ƙarfinsu, 150 kuwa suka ce sun san yadda su ke zama da shi. Waɗannan 150 su ne abin mamakin, domin a cikinsu akwai waɗanda ba su taɓa taka asibitin taɓin hankali ba, suna aikinsu, suna riƙe da iyalinsu. Littattafan likita ba su san da su ba, saboda likita ba ya ganin kowa sai wanda ya zo wurinsa. Romme da 'yar jarida Sandra Escher suka aika musu da tambayoyi, aka kira taron masu jin muryoyi a watan Oktoba na 1987 inda su da kansu suka hau mumbari, aka buga sakamakon a 1989. Kimanin kashi 70 cikin 100 sun ce muryoyin sun fara ne bayan wani abin firgici ko baƙin ciki da ya same su. Waɗanda suka iya zama da su kuwa, ga dabarunsu: su kan zaɓi muryar da za su saurara su ƙyale sauran, su kan ƙi bin umurni, waɗansu har su kan yanka wa muryoyin lokaci, su ce sai bayan an tashi daga aiki. Kusan abin da Perceval ya rubuta ke nan shekara 150 kafin nan.

Daga wannan taro ƙungiyoyin masu jin muryoyi suka bazu, aka kafa ta farko a Ingila a birnin Manchester a 1988. Escher ta bi yara 80 masu jin muryoyi har shekara uku, ta tarar kimanin kashi 60 cikin 100 sun daina ji. Masu suka sun ce waɗanda suka bugo waya bayan shirin talabijin ba su wakilci kowa ba, kuma akwai haɗarin wani ya ji wannan ya watsar da maganin da ke riƙe da shi. Duka biyu gaskiya ne. Amma babban binciken da aka buga a 2015, wanda ya tambayi mutum fiye da 31,000 a ƙasashe 18 har da Nijeriya, ya nuna kusan kashi 6 cikin 100 na jama'a sun taɓa ji ko ganin irin waɗannan abubuwa, adadin da ya ninka na masu sikizofireniya sau da yawa. Ita ma Tanya Luhrmann ta Jami'ar Stanford, da ta yi tambayar da aka daɗe ana hanawa, watau me muryoyin ke cewa, ga marasa lafiya ashirin-ashirin a California da Chennai da Accra, ta tarar da bambanci mai yawa. Na Amurka sun fi bayyana muryoyi masu zagi da tashin hankali, na Indiya sau da yawa muryar dangi su ke ji tana yi musu faɗa ko tana aikensu, da yawa daga na Gana kuwa sun ce muryar alheri ce, ta Ubangiji.

Saura mataki guda, shi ne maras lafiya ya riƙe alƙalamin binciken. A 1996 hukumar lafiya ta Ingila ta kafa kwamitin shigar da jama'a cikin bincikenta, a 2001 kuma aka buɗe wani sashe a Cibiyar Nazarin Taɓin Hankali ta London wanda yawancin ma'aikatansa masana ne da su kansu suka yi jinya. Diana Rose, wadda daga baya ta zama furofesa, tana cikin jagororinsa. Aikinsu na farko da ya yi amo shi ne kan jinyar lantarki, wadda a kan sa mutum barci a ratsa wuta kaɗan ta kansa har jikinsa ya yi kamar farfaɗiya. An fi yin ta ga masu baƙin ciki mai tsanani, amma ana yi wa waɗansu masu gushewar hankali ma. Takardar da ƙungiyar likitocin Ingila ke raba wa jama'a a lokacin ta ce fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka yi wa sun gamsu. Rose da abokan aikinta, biyu daga cikinsu an taɓa yi musu wannan jinya, suka tattara bincike 26 na likitoci da 9 na marasa lafiya ko na haɗin gwiwa da su, suka jera. Sai ga shi yawan gamsuwa ya danganta da mai tambaya da lokacin tambaya. Inda ma'aikacin asibiti ne ya yi ta, jim kaɗan bayan jinyar, mutum yana kwance yana jiran sallama, a kan sami godiya mai yawa. Inda aka bari ya koma gida, wani dabam ya tambaye shi a natse, sai adadin ya faɗi. Aƙalla kashi ɗaya cikin uku kuma sun yi kukan mantuwa mai ɗorewa. Duk wanda ya taɓa ganin talaka gaban hakimi ana tambayarsa ko yana da kuka ya san sirrin wannan lissafi, amma sai da waɗanda suka taɓa kwanciya a gadon suka zo kafin a duba ta nan. An buga aikin a 2003, a shekarar kuma hukumar da ke tsara ƙa'idodin jinya a Ingila ta tsaurara sharuɗɗan bayani da neman yarda.

Daga nan abin ya yaɗu. Da aka tara marasa lafiya da danginsu da likitoci a Ingila don su jera tambayoyi goma da suka fi son a bincika game da sikizofireniya, jerin da aka bayyana a 2011 ya ƙunshi ƙibar da magani ke jawowa, da raunin da ya ke kawowa ga zaman aure, da hanyar komawa bakin aiki, abubuwan da kamfanonin magani ba su cika sa kuɗi a kansu ba. Zancen ƙiba kuwa ba na ado ba ne, gama masu irin wannan ciwo kan riga sauran jama'a mutuwa da shekara 10 zuwa 20, galibi ta ciwon zuciya da makamantansa. A Japan ƙungiyar iyalan marasa lafiya ce ta roƙi likitoci a 1993 su sauya sunan cutar, wanda a harshensu ke nufin tsagewar hankali, suna mai nauyin da har likitoci ke ɓoye wa mai ciwon abin da ke damunsa. Aka sauya a 2002 zuwa mai nufin rashin daidaituwar tunani, cikin shekara biyu yawan waɗanda a ke gaya wa sunan ciwonsu ya tashi daga kimanin kashi 37 zuwa kusan 70 cikin 100.

Ba a rasa wasan kwaikwayo a ciki ba. Tun da masu ba da kuɗin bincike suka fara sharɗanta shigar da marasa lafiya, an sha ganin a gayyato mutum ɗaya bayan an gama tsara komai, a ba shi shayi, a sa sunansa a takarda. Waɗanda kan samu kujerar kuma yawanci masu ilmi ne da suka sami sauƙi, alhali a Ingila baƙaƙen fata, waɗanda aka fi tsarewa asibiti bisa tilas, su ne suka fi ƙaranci a teburin. Rose da kanta ta yi rubutu mai zafi a kan haka.

A Afirka an kafa ƙungiyar masu jinyar hankali ta nahiyar a Kampala a 2005. Gana ta yi sabuwar doka a 2012, Nijeriya kuwa sai a watan Janairu na 2023 aka sa hannu kan dokar da ta maye gurbin ta 1958, wadda ita ma jikar ta 1916 ce. Tsakanin nan, a 2019, 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga gidajen mari a Kaduna da Katsina, waɗansu da sarƙa a ƙafa. Gadon Lambo bai mutu ba: a 2020 Gureje da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwaji a Badun da Kumasi, inda ma'aikatan ƙananan asibitoci suka riƙa ziyartar marasa lafiya 307 a gidajen masu maganin gargajiya da na addu'a ko kuma aka bar su bisa tsarin da aka saba, waɗanda aka yi wa aikin haɗin gwiwa suka fi samun sauƙi bayan wata shida.

A ƙasar Hausa an tambayi jama'a. Wani bincike da aka buga a 2004 ya tambayi manya 250 a ƙauyen Karfi kusa da Kano abin da ke kawo taɓin hankali: kimanin kashi ɗaya cikin uku na amsoshin sun ɗora wa shaye-shaye, kusan kashi ɗaya cikin biyar suka ce ƙaddara ce ko fushin Allah, kusan haka kuma suka ce sammu ne ko iska. Ra'ayin masu kallo ke nan. Harshen kansa ya tanadi kalmomi da yawa, hauka, da taɓuwa, da motsuwa, da shafar aljanu, kowace da nauyinta a kan auren mutum da kasuwarsa, kuma mai ɗauke da sunan shi ya fi kowa sanin wanda ya fi ciwo. A 2020 aka fara wani shiri na shekaru a Nijeriya da Saliyo da Malawi da Zimbabuwe, da haɗin gwiwar Jami'ar Badun da wata makarantar likita ta London, wanda ya ɗauki mutanen da suka taɓa fama da gushewar hankali aiki a matsayin masu bincike. Aka koya musu yadda a ke hira da yadda a ke nazarin amsa, suka shiga tsara tambayoyin, suka fita da na'urar ɗaukar magana zuwa gidajen 'yan'uwansu masu irin ciwon. Badun ba ta fi tafiyar awa biyu a mota daga ƙauyukan Aro ba.